Mai Riƙe da Rajista

Mutum na farko da na yi hulɗa da shi a Riyad cutata ya yi, na biyu kuma a bakin titi ya tsince ni. Na farkon direban tasi ne da ya ɗauko ni daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid a ƙarshen watan Agusta na 2013. Na nuna masa takardar jami'a, ya gyaɗa kai kamar a can aka binne cibiyarsa, ya yi ta bulayi da ni har na fara gane gine-ginen da muka riga muka wuce. Daga ƙarshe ya sauke ni a gaban wata ƙofa a kulle, ya ce in jira, za a buɗe bayan la'asar. Sai da ya ɓace na lura yashi ya taru a gindin ƙofar har ya rufe ƙarfen ƙasa. An yi shekaru ba a buɗe ta ba.

Ni da na tashi a Gusau ina taƙamar na san rana, ranar nan na gane wasa muke yi. Ina zaune a kan akwatina, na ɗora jaka a ka, sai wata babbar mota shaƙe da kwalaye ta wuce, ta ja birki, ta dawo da baya. Wani dattijo gajere mai furfura a gemu ya leƙo ya ce, "Malam, wa ya yasar da kai a nan?"

Da na ji Hausa sai da idona ya kawo ruwa, ba na jin kunyar faɗa. Ya ce hulata ya hango tun daga nesa, ya san babu mai kafa zanna a tsakar rana irin wannan sai baƙon da ya sauka yau. Sunansa Alhaji Garba, direba ne a wani kamfanin kwalaye a Birnin Masana'antu na Biyu, ya haura shekara ashirin a ƙasar. Ya ba ni ruwa, ya zagaya da ni ƙofar da mutane ke shiga, ya rubuta mini lambarsa a bayan tikitina. Ya ce ranar Juma'a in zo gidansa a unguwar Al-Naseem in ci tuwo.

Abin da ya kai ni Saudiyya ya sa na zama abin tsokana tun makon farko. 'Yan Najeriyar da na tarar a ɗakunan kwanan ɗalibai duk Hadisi suke karantawa, ko Fiƙihu, ko Tafsiri. Ni kaɗai na ajiye aikin koyar da Turanci a sakandare na zo yin digiri na biyu a kan adabin tsirarun Amurka, wato rubuce-rubucen baƙaƙen fata jikokin bayi, da na 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar, da na 'yan Meziko da Sinawa da Larabawan da suka yi ƙaura can. Wani Ustazu ɗan Kano ya ce bai taɓa ganin asara irin tawa ba, mutum ya zo kusa da Harami ya ɓuge da karatun tatsuniyoyin Nasara. Suka raɗa mini suna Bature. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba, kullum sai mun yi, ina zuba musu Turanci suna mayar mini da Larabci, babu mai jin wani.

Kewa kuwa ba a magana. Na baro matata Hauwa da 'yarmu tana rarrafe, a waya na ji labarin ta fara tafiya. Sanyin Riyad ya zo ya same ni da rigunan shadda kawai, na yi wata biyu ina tari. Shinkafar kabsa tun ina marmarinta har na koma ko ƙamshinta ba na son ji. Juma'a ce kaɗai ranar da nake komawa mutum. In na idar da salla sai in nufi gidan Alhaji Garba, mu baje a falo, matarsa Hajiya ta turo tuwon shinkafa da miyar kuka daga bayan labule. Ita 'yar Hausawan Makka ce, a can aka haife ta, amma daddawarta ba ta yankewa, alhazai ke kawo mata. 'Ya'yansu in ka yi musu Hausa sai su ba ka amsa da Larabci. Alhaji yakan girgiza kai ya ce sun ɓace, ni kuma in taya shi jimami, in ce ai abin takaici ne ɗan Bahaushe ya rasa harshen ubansa. Shi kuwa sai dai ya ƙara mini miya.

Darussan aji ban sha wuyarsu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin bincike, takardar da ɗalibi zai rubuta ya bayyana abin da zai yi nazari a kai kafin a ba shi izinin fara kundi. Ƙa'idar sashenmu ita ce sau uku kawai ake kai ta gaban kwamiti. In ta faɗi a na uku, tallafin karatu ya ƙare, a soke iƙama, wato katin izinin zama, a buga wa mutum fita ba dawowa. Ni kuwa na ajiye aikina, unguwarmu kaf ta san na tafi ɗebo digiri, mahaifina har a masallaci ya sa aka yi mini addu'a.

Mai duba aikina shi ne Duktur Nabil, wani Bafalasɗine siriri da ya daɗe yana koyarwa a Amurka. Ba ya ɗaga murya, kullum da kofin shayi da na'ana'a a gabansa, kuma ban taɓa ganin mutumin da shirunsa ke ba ni haushi kamarsa ba. Tsarina na farko na cika shi da manyan kalmomi, duk wani masani da na taɓa jin sunansa sai da na jawo shi. Ya karanta, ya ce duk maganar mutane ce, bai ga tawa ba, amma in ina so a kai, a kai. Na ce a kai. Kwamiti ya dawo da ita ko mako ba a yi ba.

A na biyu na ce to, tunda tawa ake so, za a ji. A lokacin na riga na ƙoshi da Riyad. Na san yadda mai kanti ke tsallake ni ya sallami wanda ya zo bayana. Na san yadda kowa ke kirana "ya sadiƙ", wato aboki, ba tare da ya tambayi sunana ba, na kuma ji kalmar da ake jifan baƙar fata da ita daga tagar mota, wadda ba zan maimaita ba. Na zuba duk wannan a takarda, na ce ni da baƙaƙen Amurka uwa ɗaya uba ɗaya muke, babu wanda zai fahimci littattafansu kamar ni. Ina kai masa ina jin kaina.

Duktur ya daɗe yana juya cokali a shayi. Ya ce duk abin da na rubuta ya faru, ya sani, kuma da ciwo. Sannan ya ce, "Amma ya Nafi'u, ka karanta littattafai sun fi talatin, ba ka ga kowa a cikinsu ba sai kanka."

Na ce a kai haka. Aka kai, ta faɗi. Abin da na faɗa a kan Duktur da Hausa ina saukowa daga bene, Allah Ya yafe mini, har kakanninsa ban bari ba.

Saura dama ɗaya, bayan hutun bazara. Ɗalibai suka watse gida, ni na kasa. Na ce wa Hauwa aiki ne ya yi yawa, gaskiyar kuwa ba ni da idon da zan kalli mahaifina. Alhaji Garba ya ce ba zan zauna ni kaɗai a ginin da babu kowa ba, in kwaso littattafaina in dawo falonsa. A nan na yi azumi. Kullum in shimfiɗa takarda tun safe, la'asar ta yi ban rubuta layi ɗaya ba. Na fara lissafin abin da zan ce wa mutane a Gusau, har na tsara ƙaryar cewa an rufe sashen.

Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki Alhaji ya dube ni ya ce in na ci gaba da zama haka zan haukace masa a falo, in tashi in raka shi aiki. Muka tafi Birnin Masana'antu na Biyu. Wuri ne da babu abin kallo, rumbunan ajiya ne jere iya ganinka, da manyan motoci, da 'yan Bangaladash da 'yan Pakistan sun ɗaure kai da tawul suna lodi. Muna zaune a mota muna jiran a gama ɗora kwalaye, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta washe, ya buɗe muryar wayar saboda ƙarar injina.

Muryar wata tsohuwa ce, tana faɗa. Alhaji ya buɗe baki ya amsa mata da wani yare da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Ba Fulatanci ba ne, ba Barbarci ba, ba kuma Larabci ba. Yana yi yana ƙyalƙyala dariya har da dukan sitiyari, dattijon da na sani da magana ɗaya-ɗaya. Na saki baki ina kallonsa har suka gama.

Ya ce yayarsa ce, faɗa take wai ya manta da su, ga ginin ɗakin mahaifiyarsu damina na neman kayarwa. Na ce wane yare ne wannan. Ya ce nasu ne, na wasu 'yan ƙauyuka a kan duwatsun kudancin Bauchi, ko ya faɗi sunan ba zan sani ba. Na ce ashe shi ba Bahaushe ba ne. Ya ce a'a.

Sai na ce, "Wallahi Alhaji, ko kaɗan ba ka yi kama da ƙabila ba."

Da nufin yabo na faɗa, Allah Ya sani. Haka muke faɗa a gida, na ji manya sun faɗa, ni ma na sha faɗa, kuma wanda aka gaya wa yakan yi murmushi ne. Alhaji bai yi murmushi ba. Ya kalli madubi, ya ga an rufe bayan mota, ya tayar, muka hau titi. Muka yi tafiya mai nisa.

Can ya zaro iƙamarsa daga aljihu ya miƙo mini, ya ce in karanta sunan. Na karanta, Garba, sai sunan wani gari. Ya ce ba sunansa ba ne, garin ma ba nasu ba ne, garin da makarantar take ne a gindin dutse. Ranar da mahaifinsa ya sauko da shi firamare, malamin da ke riƙe da rajista Bahaushe ne. Ya tambayi sunansa, ya faɗa. Ya sake tambaya, ya sake faɗa. A na uku malamin ya yi dariya ya ce shi ba zai karya harshensa ba, ya rubuta Garba. Daga rajista sunan ya hau takardar gama makaranta, daga nan ya hau lasin, ya hau fasfo, ga shi yau a iƙama. Ya ce tun rasuwar mahaifiyarsa, yayar nan tasa ce kaɗai ta rage mai kiransa da sunan da aka raɗa masa, kuma ta tsufa. 'Ya'yansa ba su san sunan ba. Ko Hajiya ba ta taɓa tambaya ba.

Na fara tsine wa malamin, don in wanke kaina. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Kada ka zage shi, Malam. Mutumin kirki ne. Shi ya saya mini takalmina na farko, a gidansa nake cin abincin rana. Bai san ya yi wani abu ba."

Wannan maganar tana fita daga bakinsa na tuna Ladi.

A shekarata ta biyu da fara koyarwa aka kawo wata yarinya ajina, 'yar wani ɗan sanda da aka yi wa canjin aiki zuwa Gusau. Ni ne mai rajistar ajin. Na tambayi sunanta, ta faɗi wani abu mai tsawo. Na sa ta maimaita, 'yan aji suka fara dariya, ni kuma daɗin dariyar ya ɗebe ni. Na ce mu nan ba mu iya wannan ba, daga yau sunanta Ladi. Aji ya ɗauki shewa, na rubuta. Shekara uku yarinyar nan tana amsa Ladi. Ta fi kowa Turanci, ina ji da ita, har littattafaina nake ara mata. Ban taɓa kwana da tunanin na yi mata wani abu ba. A cikin motar nan na yi ta lalube a kaina ko zan tuna sunanta na gaskiya, ko harafin farko ban samu ba.

Ranar ban iya cin tuwon Hajiya ba. Washegari da safe na gaya wa Alhaji labarin Ladi, ina jiran ya yi mini faɗa. Bai yi ba. Ya ce to, ai ga shi na tuna. Na roƙe shi ya gaya mini sunansa. Ya ce in bar shi, kada a wahalar da harshena. Na nace. Sai ya faɗa a hankali har sau uku, ya ce adadin da ya faɗa wa malamin ke nan, ba zai ƙara ba. Na rubuta a tafin hannuna.

Na koma kan littattafan nan da na ɗauka na haddace, sai na tarar cike suke da mutanen da ban taɓa tsayawa na kalla ba. Da can in na buɗe littafi, wanda ake zalunta nake nema in tsaya kusa da shi. Yanzu sai ga malamar makarantar kwana da ke aske wa 'ya'yan 'yan asalin ƙasar gashi tana ba su sunayen Turawa, kuma ita a ranta taimako take. Ga akawun da ke gajarta sunan baƙo don layi ya yi sauri. Ga maƙwabciya mai kawo abinci tana cewa ku kam ba ku yi kama da sauran ba. Miyagu na nan a ciki, ba a rasa su ba, amma waɗannan masu kirkin sun fi yawa, kuma marubutan sun zana su da kulawa ƙwarai, sun san su ciki da waje. Ni ne dai ban gan su ba, saboda a layinsu nake tsaye. Cikin kwana tara na rubuta tsarin bincike a kansu, mutanen da ke riƙe da rajista. Babu babbar kalma ko ɗaya a shafin farko, labarin Ladi na sa.

Da aka dawo hutu na kai wa Duktur Nabil. Na san in ya ce a'a, sai haɗa akwati. Ya karanta shafin farko, ya koma ya sake karantawa. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Ya ɗago ya ce, "Mene ne sunanta?"

Na ce, "Ban tuna ba, Duktur."

Ya ajiye takardar. Sannan ya ce a Amurka shekara goma sha ɗaya abokan aikinsa suna kiransa da wani gajeren suna na Turawa, mutanen kirki ne duka, har yau suna aiko masa da gaisuwa. Ya jawo alƙalami ya sa hannu, ya ce wannan karon shi da kansa zai tsaya wa takardar a gaban kwamiti.

Mako biyu na yi ina jira, na rame har wandona na zamewa. Ranar wata Alhamis bayan azahar sakataren sashe ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda, an amince, ba gyara ko ɗaya. Na fito na rasa inda zan sa kaina, sai na yi sujada a kan tayil ɗin baranda, ɗalibai na ratsa ni. Wani nauyi da na yi wata shida ina ɗauke da shi ya sauka, har wani barci-barci na ji yana ɗibata a tsaye. Na kira Hauwa na gaya mata gaskiyar abin da ya hana ni zuwa hutu, ta ce ai ta sani, jira take in faɗa. Ustazun nan ɗan Kano da ya ji labari ya rungume ni ya ce Bature ya tsira, har da saya mini lemo. A benen da na zagi kakannin Duktur kuwa, na tsaya na yi musu addu'a.

Ban kira Alhaji a waya ba, na fi son in gaya masa baki da baki. Washegari Juma'a na sauka Al-Naseem da takardar a aljihu. Duk tsawon hanya ina maimaita sunan a zuci, yadda na yi wata biyu ina yi a ɓoye. Na isa ƙofar gidan na yi sallama, maimakon in ce Alhaji yana ciki kamar kullum, sai na ɗaga murya na ce, "Nzhikwal yana nan?"

Na san ban faɗa daidai ba. Hajiya ta amsa daga bayan ƙofa ta ce Malam Nafi'u ne, yau kuma wa nake nema, ai babu mai wannan suna a gidan nan.

Na tsaya a bakin ƙofa. Can na ji motsin tashi daga kan kujera, da jan takalmi a hankali, sannan muryar Alhaji, ta ɗan dushe.

"Buɗe masa, Hajiya. Ni ake kira."